Gahawa mai asali guda da hannun da ke haɗa ta

Wanda ya saba da gahawar gwangwani, wadda ake ɗiban cokali guda a zuba a ruwan zafi ta narke nan take, ranar da aka fara miƙa masa gahawar Yirgacheffe, wani yanki na Habasha, da aka soya sama-sama aka tace da takarda yakan ɗauka shayi aka ba shi bisa kuskure. Ruwan jaja-jaja ne, haske na ratsa shi, ƙamshinsa na fure, a harshe kuma ga ɗan tsami mai daɗi kamar na lemo. Babu abin da aka saka mata. Wannan ɗanɗano tun daga bishiya ya taso, ya bi ta hannaye masu yawa bai lalace ba, kuma shi ya sa wasu ke biyan ninkin-ba-ninkin kuɗin gahawar kanti don su sayi leda mai ɗauke da sunan wata gunduma ko wata gona. Ina cikin masu biyan, kuma a ganina kuɗin ya cancanta. Abin da ke ci mini rai shi ne, sau da yawa a minti huɗun ƙarshe ɗanɗanon yake salwanta, a kicin ɗin wanda ya saya.

Gahawa ƙwallon ɗan itace ce. Bishiyar takan yi farin fure, 'ya'ya su fito kore shar, su ɗauki wata bakwai zuwa tara kafin su nuna su yi ja. A cikin kowane ɗa akwai ƙwaya biyu suna fuskantar juna, lulluɓe da wani yauƙi mai zaƙi. Jinsi biyu ne suka mamaye kasuwa. Robusta mai juriya ce, tana yi a wurare masu zafi, sinadarin kafeyin ɗinta ya kusa ninka na 'yar'uwarta, ɗacinta ma ya fi. Ita Biyetnam ta fi nomawa, kuma ita ce ƙashin bayan gahawar gwangwani. Arabika kuwa 'yar lele ce, sai tuddai masu sanyi. Asalinta dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha, amma a Yaman aka fara noma ta sosai, inda sufaye suka riƙa shan ta a ƙarni na 15 domin raya dare, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Mokha ta bazu cikin duniya. Kusan duk abin da ake kira gahawa ta musamman a yau Arabika ce.

A tsarin ciniki na yau da kullum babu ruwan kowa da gonar da ƙwaya ta fito. Ana tara amfanin dubban manoma a buhuna, kasuwar New York ta yanka farashi, kamfani ya saya daga ƙasashe uku ko huɗu ya gauraya, ya soya har ta yi baƙi. Burinsa kofin bana ya zo daidai da na bara. Gauraya sana'a ce mai buƙatar gwaninta, kuma akwai gauraye masu kyau ƙwarai, musamman waɗanda ake yi don esfireso da za a sha da madara. Illarta ita ce tana shafe kamanni. Nunanne da ɗanye duk sun shiga buhu ɗaya, manomin da ya bi reshe yana tsintar jajaye zalla kuɗinsa ɗaya da wanda ya zage reshen gaba ɗaya. Ga wanda ba za a biya shi ladan wahalarsa ba, me zai sa ya wahala?

Batun asali guda, wato gahawar wuri ɗaya da ba a gauraya ta da ta wani wuri ba, daga nan ya samo tushe. Sai dai babu wata doka da ta fayyace ma'anarsa, kowa na amfani da shi yadda ya ga dama. Wani zai rubuta sunan ƙasa kawai a leda ya ce asali guda ne. To Burazil ita kaɗai tana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya, saboda haka wanda ya ce maka gahawarsa ta Burazil ce bai faɗa maka komai ba tukuna. Wani zai sauko zuwa yanki, ya ce Huila a Kolombiya, ko Nyeri a Kenya, ko Guji a Habasha. Wani zai ambaci ƙungiyar manoma ko masana'antar wanki. Wani kuma zai kai har gona ɗaya, fili ɗaya a cikin gonar, girbin wata kaza. A Habasha da Kenya, inda akasarin manoma ƙananan filaye gare su, ɗaruruwan mutane ne ke kai 'ya'yan da suka tsinko wurin wanki guda, don haka abin da ake kira asali guda a can gumin ƙauyuka ne da dama. A Panama ko Kosta Rika kuwa yakan kasance gonar iyali ɗaya. Ni ma'aunina mai sauƙi ne. Gwargwadon yadda sunan ya ƙuntata, gwargwadon yadda akwai wanda za a yaba wa in ta yi kyau, a kuma tuhuma in ta ɓaci. Sunan ba ya lamunce maka daɗi. Gahawar gona ɗaya tana iya zama lami, kuma na sha irinta.

Lamunin inganci a wata kalmar yake, wato "ta musamman". Wata 'yar kasuwar gahawa a San Francisco, Erna Knutsen, ita ta fara amfani da lafazin a 1974, tana nufin ƙwayoyin da yanayin wani keɓantaccen wuri ya ba su ɗanɗano nasu na kansu. Daga baya aka kafa ƙungiya a Amurka a 1982, wadda ta haɗe da takwararta ta Turai a 2017 suka zama SCA, wato Ƙungiyar Gahawa ta Musamman, kuma ita ta shimfiɗa ma'aunin da aka daɗe ana bi. Ana ɗiban gram 350 na ɗanyar ƙwaya a baje a tsince. Kada a samu babban aibi ko ɗaya, irin baƙar ƙwaya ko wadda ta yi fumfuna ko tsakuwa, ƙananan aibobi kuma kada su wuce biyar. Sannan a soya kaɗan, a niƙa, a zuba gram 8.25 a ruwa mililita 150, a bar shi minti huɗu, masu ɗanɗano su bi kofunan da cokali suna zuƙa da ƙarfi don ruwan ya fantsama ko'ina a baki. Su ba da maki a kan ƙamshi, tsami, zaƙi, kauri a baki, da abin da ya rage a maƙogwaro bayan an haɗiye. Wadda ta kai maki 80 cikin 100 ta shiga sahu. A 'yan shekarun nan ƙungiyar ta fito da sabon tsarin tantancewa mai faɗi, amma har yanzu wannan 80 ɗin ce a bakin 'yan kasuwa.

Me ke sa gahawar wani tudu ta bambanta da ta wani? Masu talla sun fi son su ce ƙasa da iska da ruwan sama, domin ya fi daɗin ji. Akwai gaskiya a ciki. A tsayin mita 1,500 zuwa 2,200, inda dare ke da sanyi, ɗan itacen yana nuna a hankali, ƙwayar ta yi tauri, ta tara sukari da sinadaran tsami. Amma ni na fi ba iri da sarrafawa muhimmanci, kuma tarihin Gesha ya ishe ni hujja. An samo irin ne daga dajin Gesha a Habasha a shekarun 1930, ya bi ta Gabashin Afirka ya isa wata cibiyar binciken noma a Kosta Rika a 1953, daga can aka kai shi Panama saboda ana ganin yana jure cutar tsatsar ganye. Manoma ba su so shi ba, rassansa na karyewa, amfaninsa kaɗan. Shekaru da dama ana zuba 'ya'yansa cikin sauran girbi babu wanda ya lura. Sai a 2004 gonar Hacienda La Esmeralda da ke Boquete ta ware shi daban ta shigar da shi gasar gahawa ta Panama. Ya lashe, aka sayar da laba guda, wato kimanin gram 454, a kan dala 21, farashin da ba a taɓa ji ba a lokacin. Ƙasar ita ce dai ta jiya, ruwan saman ma shi ne. Abin da ya sauya shi ne wani ya tsaya ya ɗanɗana bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Haka labarin yake a Kenya, inda wannan tsami mai kaifi kamar na baƙin inabi yake da alaƙa da irin SL28 da SL34, waɗanda ɗakin binciken Scott ya zaɓo a shekarun 1930. Harufan AA da AB da ake gani a ledar gahawar Kenya kuwa girman ƙwaya suke nunawa, ba daɗinta ba.

Sarrafawa ita ce inda na fi so mai saye ya tsaya ya karanta leda da kyau, domin ita ta fi saurin bayyana a harshe. Bayan an tsinko 'ya'yan, dole a raba ƙwaya da ɓawo da yauƙi, a busar da ita har danshinta ya sauko zuwa kashi 10 ko 12 cikin 100. Hanya ta farko wanki ne. A ranar da aka tsinko ake saɓule ɓawon da inji, a zuba ƙwayar a kwarmi ta kwana ɗaya ko biyu tana tsimuwa har yauƙin ya saki, a wanke ta tas da ruwa, a shanya. Wankakkiyar gahawa ɗanɗanonta a tsabtace yake, tsaminta a fili, kuma ita ta fi nuna halin iri da na wuri ba tare da wani rufi ba. Hanya ta biyu ita ce tsohuwar, wadda Harar ta Habasha da Yaman da yawancin Burazil ke bi. A shanya ɗan itacen yadda yake da ɓawonsa, makonni uku ko huɗu ana juya shi, ya bushe ya yi baƙi kamar zabibi, sannan a surfe. Ƙwayar ta daɗe a cikin zaƙin ɗan itacen, sai ta fito da kauri da ƙamshin nunannen 'ya'yan itace, wani lokaci har kamar an matsa mata inabi. In an yi sakaci da juyawa ko ruwa ya taɓa shanyar, warin ruɓa ne zai biyo. Tsakanin biyun akwai salon da Kosta Rika ta shahara da shi, na cire ɓawo a bar yauƙin ya bushe a jikin ƙwaya, wanda suke laƙaba wa sunan zuma saboda danƙonsa. A tsibirin Sumatra na Indunusiya kuma, saboda yawan ruwan sama, suna surfe ƙwayar tun tana da ɗanshi, shi ya sa gahawarsu take da nauyi da ƙamshin ƙasa da itace, tsami kaɗan. Ka ɗauki girbin gona ɗaya a Sidama ta Habasha ka raba biyu, rabi wanki rabi shanya, za ka rantse ƙasashe biyu ne.

Yanzu ana yayin tsima 'ya'yan gahawa a rufaffun ganguna da babu iska, wasu ma har da zuba musu kayan ƙamshi. Akan samu masu ban mamaki a ciki, amma ina da ja a kan abin. In tsimin ya yi yawa, gahawar Kolombiya da ta Habasha da ta Indunusiya duk ɗanɗano ɗaya suke komawa, kuma an dawo gidan jiya, an sake shafe kamannin da aka ce ana nema.

Akwai maganar manomi, wadda ba ta wuce a yi shiru a kanta. A 2019 farashin Arabika a kasuwar New York ya faɗi ƙasa da dala ɗaya a kan laba, abin da ga manoma da yawa bai mayar da kuɗin noma ba. A farkon 2025 kuma ya haura dala 4. Mutumin da ya dasa bishiyar da sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta fara ba da amfani, ba shi da yadda zai yi da irin wannan lilo. Cinikin gahawa ta musamman ya buɗe wata ƙofa, ta a biya mutum bisa ingancin abin da ya noma. Gasar Cup of Excellence, wadda aka fara a Burazil a 1999, tana gwanjon waɗanda suka yi nasara ta intanet, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin yana komawa ga manomin. Amma hoton manomi yana murmushi a jikin leda ba shaida ba ce cewa an biya shi da kyau. Masu suyar da nake girmamawa su ne waɗanda ke bayyana nawa suka sayi ɗanyar ƙwayar.

Daga manomi sai mai suya. Ɗanyar ƙwaya koriya ce, tana warin ciyawa. A cikin injin suya takan yi rawaya, ta yi ruwan ƙasa, idan zafinta ya kai wajen digiri 196 a ma'aunin Selsiyus sai tururin cikinta ya fasa ta, a ji ƙara ƙas-ƙas. Wannan ce fashewar farko, kuma jim kaɗan bayanta ake sauke suyar sama-sama. In aka ci gaba, wajen digiri 224 za a ji fashewa ta biyu, mai ya tsatso a jikin ƙwaya ta yi sheƙi. Daga nan wuta ce ke magana. Ɗaci da ƙauri sun rufe komai, ta Kenya da ta Burazil sun zama ɗaya. Wanda ke son baƙar suya yana da 'yancinsa, sai dai asara ce ya biya kuɗin Gesha don ya sha ƙauri. A ɗaya gefen kuma, suyar da ba ta kai ciki ba tana ba da ɗanɗanon ɗanyen hatsi da tsami mai yanka harshe, kuma babu dabarar haɗawa da za ta gyara ta. Abu na farko da nake nema a leda shi ne ranar suya. Sabuwar suya cike take da iskar kabon, wadda ke hana ruwa shiga gari yadda ya kamata, don haka akan bar ta ta huta mako ɗaya ko biyu. Daga nan zuwa wata guda ko wata ɗaya da rabi tana kan ganiyarta, sannan ƙamshin ya fara janyewa.

To, leda ta iso gida. Duk abin da za ka yi daga nan tatsa ce, ruwa yana narkar da wani ɓangare na garin ya fito da shi. Kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin soyayyiyar ƙwaya ne ke iya narkewa, sauran itace ne. Binciken da Ernest Lockhart ya jagoranta a Amurka a shekarun 1950 ya nuna cewa mutane sun fi jin daɗin kofin da aka tatso kashi 18 zuwa 22. Abubuwan ba sa fitowa lokaci guda. Masu tsami su ne 'yan gaba, zaƙi da garɗi su biyo, ɗaci da bauri su ne 'yan baya. Wanda ya tsaya da wuri zai sha tsami tsirara, kamar da ɗan gishiri-gishiri, babu zaƙin da zai tallafe shi. Wanda ya wuce gona da iri zai ji ɗaci da bauri suna busar masa da baki. A nan mutane da yawa ke rikita abu biyu, ƙarfi da tatsa. Ƙarfi yawan gahawar da ke cikin ruwan ne, kuma yawan garin da ka zuba ne ke juya shi. Tatsa kuwa laushin niƙa da zafin ruwa da tsawon lokaci ne ke juya ta. Kofi yana iya yin ƙarfi kuma bai tatsu ba, ya zo da kauri da tsami. Yana iya zama tsararo kuma ya tatsu fiye da kima, ya zo da ruwa-ruwa da ɗaci. Mutum ya ji kofinsa da ɗaci sai ya rage gari, alhali ruwa mai yawa a kan gari kaɗan ƙara tatsa yake yi, sai ɗacin ya ƙaru.

In za a tambaye ni abu ɗaya da ya cancanci a kashe wa kuɗi, injin niƙa ne. Dalili na farko, da zarar an niƙa ƙwaya ƙamshinta ya kama hanyar fita, niƙaƙƙen gari na kwana biyu ya riga ya yi asarar abin da aka biya kuɗi dominsa. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Injin nan mai wuƙa da ke juyawa sara yake yi, ba niƙa ba, yana fitar da ƙura da tsaki a haɗe. Ƙurar ta tatsu ta wuce, tsakin ko cikinsa ruwa bai shiga ba, sai ka sami tsami da ɗaci a kofi guda, kuma duk gyaran da ka yi wa ɗaya ɓata ɗayan yake. Wanda ake so shi ne mai haƙora biyu da ƙwaya ke bi ta tsakaninsu, kamar dutsen niƙa, inda ake iya matse tazarar ko a sassauta. Na hannu mai haƙoran ƙarfe ya wadatar, gram 15 ba ya ɗaukar minti guda. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Injin niƙa na kirki da mazurarin roba mai araha sun fi na'urar haɗawa mai tsada da garin kanti.

Sai sikeli. Cokali mayaudari ne, domin baƙar suya ta kumbura ta yi sakayau, suyar sama-sama kuwa tana da nauyi, cokali ɗaya na wannan ba ɗaya yake da na waccan ba. Ma'aunin da aka saba farawa da shi gram 60 ne a lita guda, wato gram 15 na gahawa a gram 250 na ruwa don kofi ɗaya. Tunda mililita guda na ruwa gram guda ne, sai ka ɗora komai a kan sikelin ka riƙa zubawa kana kallon lamba.

Ruwa shi ne abin da aka fi rainawa, alhali sama da kashi 98 cikin 100 na abin da ke kofin shi ne. Ma'adinan cikinsa aiki biyu suke yi. Kalsiyam da magniziyam suna taimakawa wajen fito da ɗanɗano. Bayikabonet kuma yana kashe tsami, kuma in ya yi yawa sai gahawar Kenya mai kaifi ta koma lami kamar alli. Ruwan da aka tace har ba shi da ma'adini ko kaɗan shi ma ba ya yi, kofin yakan fito fayau da tsami mai ɗaci. Ma'aunin SCA ya nemi ruwa mai narkakkun ma'adinai kimanin miligram 150 a lita, wanda ƙarfinsa na kashe tsami yake wajen miligram 40 a lita, babu warin kulorin. Ba sai ka sayi kayan awo ba. In butarka tana tara farin ɓawo a ciki, ruwanka mai nauyi ne. Ka haɗa kofi biyu da gari ɗaya, ɗaya da ruwan famfo ɗaya da ruwan gora mai ƙarancin ma'adini, ka kurɓa su a jere. Gani ya kori ji. Zafin da ake so tsakanin digiri 90 ne da 96. Suyar sama-sama tana da taurin kai, tana son ruwan da aka sauke daga wuta yanzu-yanzu, baƙar suya kuwa a bar ruwan ya ɗan huce. Wanda ke zaune a kan tudu ya tuna cewa ruwansa yana tafasa ƙasa da digiri 100, kusan digiri ɗaya ke raguwa a kowace mita 300, don haka babu buƙatar jira.

Hanyoyin haɗawa iri biyu ne a taƙaice, ko ruwa ya ratsa gari ya wuce, ko gari ya jiƙu a cikin ruwa. Ta farko ta samo asali ne daga wata matar aure a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, wadda ta gaji da tauna gari a kofinta, ta huda gwangwanin tagulla ta shimfiɗa masa takardar tsotse tawada ta ɗanta, ta yi rajistar dabarar a 1908. Mazurarin V60 na kamfanin Hario na Japan jikan wannan dabara ne, kuma shi na fi so ga wankakkiyar gahawa mai ƙamshin fure, domin takarda tana riƙe mai da ƙura, ruwan ya fito garau. Za ka fara ɗauraye takardar da ruwan zafi, ka zubar da ruwan. Ka zuba gari mai laushin yashi tsaka-tsaki, ka daidaita samansa. Ka jiƙa shi da ruwa ninki biyu ko uku na nauyinsa, ka tabbatar babu busasshen wuri, ka dakata daƙiƙa 30 zuwa 45. Za ka ga yana kumbura yana kumfa, iskar kabon ce ke fita, kuma in bai motsa ba gahawar ta tsufa. Sannan ka zuba sauran ruwan a hankali, kana zagayawa daga tsakiya, sau biyu ko uku. Wajen minti uku ya kamata ya tsiyaye. Haɗarin wannan hanya shi ne ruwa malalaci ne, in ya sami ɓaraka a cikin garin ta nan zai bi ya bar sauran. Shi ya sa ake son buta mai siririn wuya, kuma ake ɗan kaɗa mazurarin bayan zubin ƙarshe don garin ya kwanta daidai.

Ga mai farawa kuwa jiƙo nake ba shi shawara, domin ya fi yafiya. Tulun gilashin nan mai raga da ake dannawa, wanda ake dangantawa da Faransa, ba ya buƙatar gwanintar zubi. Gari mai ɗan tsaki-tsaki, ruwa duka lokaci ɗaya, minti huɗu. Ka fasa ɓawon da ya taru a sama da cokali, ka kwashe kumfar, ka ƙara masa wasu mintuna huɗu ko biyar ƙurar ta kwanta, ka sauke ragar zuwa saman ruwan kawai ba tare da matse garin ba, ka tsiyaye a hankali. Kofin yana da kauri da maiƙo, ya dace da gahawar Burazil da aka shanya da ɓawonta mai garɗin cakulan. Mai fama da yawan kitse a jini ya sani cewa man gahawa yana ɗauke da sinadarin kafestol, wanda ke ɗaga kolestirol, kuma takarda ce ke tare shi, raga ba ta tarewa. AeroPress, wani bututun roba da ake dannawa kamar sirinji, wanda Alan Adler ya ƙirƙira a 2005, ya haɗa jiƙo da takarda, shi ya sa yake da wuya ya ba ka kunya. Tukunyar moka ta Bialetti, ta 1933, wadda ake ɗorawa a kan wuta tururi ya tura ruwa ta cikin gari, tana da masoyanta, amma ta fi jituwa da suyar da ta ɗan yi duhu.

Kofin farko daga sabuwar leda gwaji ne. Ka sha ka tambayi harshenka. In tsami ne mai kaifi da ke ɓacewa nan da nan ba tare da zaƙi ba, ka ƙara laushin niƙa, ko ka ƙara zafin ruwa. In bakinka ya bushe kamar ka tauna ɓawon ɗanyar ayaba, ka sassauta niƙan. In ɗanɗanon ya yi daidai amma tsararo ne, ka ƙara gram ɗaya na gari. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba, kuma ka rubuta lambobin a takarda ka manna a jikin ledar. Kowace gahawa da nata. Ƙwayar Habasha mai tauri takan fitar da ƙura da yawa ta toshe takarda, sai an ɗan buɗe mata haƙora, kuma ko leda ɗaya ce, niƙan da ya yi mata a mako na biyu ba lallai ya yi a mako na shida ba. Wuyar aikin ita ce rarrabe tsamin da manomi ya noma da tsamin da kai ka jawo. Na farko yana tafe da zaƙi kamar na nunannen lemo, yana sa ka sake kurɓa. Na biyu yana sa ka yamutsa fuska.

Ajiya ba ta da wani sirri. Iska da haske da zafi da ɗanshi su ne maƙiyan ƙwaya, don haka a rufe ledar da kyau a sa a kabad. Firji ba wurinta ba ne, tana tsotsar warin abinci kuma raɓa na sauka a kanta duk lokacin da aka fito da ita. In ka sayi da yawa, ka raba ƙananan ƙulli da iska ba ta shiga ka sa a firiza, ka riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya kana niƙawa a daskare.

Sukari da madara ba haramun ba ne, amma ka yi kurɓa uku kafin ka zuba su, kuma kada ka shanye da zafinta. Harshe ba ya rarrabe komai a ruwa mai ƙuna. Masu ba da maki sukan koma kan kofi ɗaya sau uku yayin da yake hucewa, domin aibi da kyau duk a lokacin suke fitowa fili. Gahawar da aka ɓoye wa aibi da baƙar suya, tana hucewa take zama abin zubarwa. Wankakkiyar Yirgacheffe da aka tatsa daidai kuwa, minti goma bayan an zuba ta ne ƙamshin furen yake tashi sosai, tsamin ya lafa ya koma zaƙi, kuma ko ta yi sanyi ƙalau ana iya shanye ragowar.